Sa Hannun Sammani

Sammani yana da shekara tara mahaifinsa ya rasu, ya bar shi da mahaifiyarsa Indo a wani ɗan gida mai ɗaki biyu a Ƙofar Durbi, cikin birnin Katsina. Maƙwabcinsu Malam Sada magini shi ya ja shi jiki. Malam Sada da ginin ƙasa ya fara, da siminti ya shigo gari ya koyi aikin bulo, har ta kai ba a aza harsashin babban gida a wannan ɓangare ba tare da an nemi shawararsa ba. Shi ya tsaya tsayin daka sai da Sammani ya gama boko, ya wuce Kaduna ya karanta aikin gini. Tun yana ƙarami Baba yake kiransa, kuma bai taɓa jin sunan ya yi masa nauyi a baki ba.

Da ya dawo, aka ɗauke shi aikin gwamnati a matsayin mai duba gine-gine. Shekarar da aka yi wa ma'aikata babban ƙarin albashi ya sayi Besfa shuɗiya, babur ɗin da ake yayi, ya sa aka yi wa ɗakin Indo rufin kwano.

Malam Sada yana da ɗiya mai suna Safara'u, malamar firamare, tana koyar da 'yan aji uku. Tare suka tashi da Sammani, don haka ba wanda zai iya faɗin ranar da wasan yaya da ƙanwa ya koma wani abu daban. Abin da unguwa ta sani shi ne duk Juma'a bayan la'asar Besfar Sammani tana jingine a ƙofar gidan Malam Sada. Safara'u takan fito zaure da kwanon fura da tarin littattafan yara, tana duba su tana karanta masa amsoshin da suka ba ta dariya. Wani yaro ya rubuta cewa babban birnin Nijeriya shi ne kasuwa. Sammani ya yi dariya har fura ta sarƙe shi. Ita kaɗai ce yake sakin jiki haka a gabanta. A ofis kuwa an san shi da tsuke baki da guga mai kaifi.

Da kawunsa ya je neman aure, Malam Sada cewa ya yi, "Ɗana ne ya nemi ɗiyata, wa zan tambaya?" Aka sa rana bayan kaka.

A wannan shekara gari ya rikice da gini. Gwamnati ta ce kowane yaro zai shiga makaranta kyauta, sai aka shiga ba da kwangilar azuzuwa ko ta ina. Mutanen da jiya suke awon gyaɗa yau sun zama 'yan kwangila, suna yawo da Marsandi da jakar takardu. Cikinsu akwai Alhaji Gwadabe, wanda ya samu ginin azuzuwa shida a wani fili bayan Ƙofar Sauri. Ya ɗauki Malam Sada babban magini, ofis kuma ya tura Sammani duba aikin.

Alhaji Gwadabe mutum ne mai sanyin murya da yawan kyauta. Tun ranar farko bai kira Sammani da sunansa ba, Injiniya yake ce masa. Ya gayyace shi cin abincin rana a sabon gidansa da ke unguwar da Turawa suka zauna a da. Sammani ya tarar da manyan ma'aikata daga Kaduna zaune a kan kujeru masu laushi, fanka na juyawa a sama. Yana shirin durƙusawa a bakin ƙofa kamar yadda ya saba, Alhaji ya kama hannunsa ya zaunar da shi a tsakiyarsu.

"Wannan yaron namu ne," in ji Alhaji. "Ku riƙe sunansa, za ku sake jin shi."

Sammani ya koma gida ran nan bai iya cin tuwon Indo ba. Duk tsawon rayuwarsa a gefen tabarma yake zama, maraya mai cin arzikin maƙwabta. Yau an miƙa masa faranti kafin a miƙa wa wani mai furfura. A gidan ne kuma ya fara ganin Furera, ɗiyar Alhaji, wadda ta gama sakandare a Zariya. Ta gaishe shi da ladabi ta wuce, ba ta ƙara ko kalma ba.

Wata biyu da fara aiki, wata safiya Malam Sada ya ja Sammani bayan tarin bulo inda leburori ba za su ji ba. Ya ɗauki bulo ɗaya, ya sa babban yatsa ya danna kusurwarsa. Kusurwar ta zube kamar garin tuwo.

"Ka gani?" in ji shi. "Ni buhun siminti ɗaya bulo talatin da biyar na sani. Alhaji ya ce a buga saba'in. Ga rodin ma ya rage. Na yi mashi magana sau uku, ya ce in yi abin da aka sa ni."

"Zan same shi, Baba."

"Ba samun shi za ka yi ba. Kai ne mai dubawa, rubutawa za ka yi. Yara ne fa za su zauna a ƙarƙashin wannan bangon."

Sammani ya sami Alhaji washegari. Alhaji ya saurare shi har ƙarshe yana murmushi, ya ce kowa a ƙasar nan haka yake bugawa, kuma bai ji ginin da ya faɗi ba. Daga nan ya sauya magana. Ya ce akwai gurbi biyu na ƙaro ilimi a Ingila na shekara guda, duk wanda ya dawo kuwa kujerar babban injiniya ke jiran sa, kuma mai zaɓen amininsa ne. Bai ce kada Sammani ya rubuta komai ba. Sammani ne da kansa ya koma ofis ya buɗe fayil, ya daɗe yana kallon farar takarda, ya rufe. Ya gaya wa kansa cewa sai ya sake gwada bulon tukuna. Mako ya wuce, wata ya wuce.

Malam Sada ya yi niyyar ajiye aikin, amma leburori ashirin ne a ƙarƙashinsa, duk daga ƙauyuka suka zo, shi ya kawo su. Ya zauna, yana ƙara siminti a ginshiƙai in ya sami sarari, yana jiran takardar Sammani ta yi aikinta.

Wata Talata a tsakiyar damina, da azahar, hadari ya taso daga gabas da iska mai ƙarfi. Leburori suka ruga cikin aji na uku, wanda aka riga aka kai bangonsa har sama. Bangon gabas ya jiƙe, iska ta tura shi, ya kife a kansu. Da labari ya iske Sammani ya iso a jiƙe, ya tarar da Malam Sada durƙushe cikin taɓo yana yaye bulo da hannuwansa, yatsunsa duk jini. Mutum biyu aka ciro da karaya. Na ukun, wani saurayi mai suna Tanko daga wani ƙauye ta wajen Kaita, an ciro shi ba rai. Malam Sada ya ɗago kai ya dubi Sammani. Ya cire rigarsa ya rufe gawar.

Aka turo kwamitin bincike daga Kaduna, suka ce mai duba aiki ya kawo rahoto. Kwana biyu kafin ya miƙa, Alhaji Gwadabe ya zo ofis da hantsi, ya kira shi cikin mota, ya sa direba ya fita ya ba su wuri.

"Injiniya, ni siminti na bayar cikakke, takardun saye suna nan. Abin da magini ya yi da shi, Allah kaɗai ya sani."

"Alhaji, Baba Sada bai taɓa ɗaukar abin wani ba."

"Ban ce ya ɗauka ba. Tsufa ne, ido ya yi rauni, an yi kuskuren kwaɓi. Wa zai tsananta wa tsoho? Za su yi mashi faɗa su sallame shi. Amma in ka rubuta cewa tun farko bulon ba shi da kyau, tambayar farko da za su yi maka ita ce ina kake duk watannin nan. Ni ina da inda zan dafa. Kai fa?"

Sammani ya sunkuyar da kai.

"Sunanka ya riga ya shiga takardar Ingila. Kuma ni ba baƙo na ɗauke ka ba. Ina da ɗiya a gida, ka gan ta. Na yi mata maganarka, ba ta ƙi ba."

Da yamma Sammani ya zauna ya rubuta shafi uku. Ya ce ɗan kwangila ya kawo kayan aiki yadda doka ta tanada, babban magini ne ya saɓa ƙa'idar kwaɓi ba da sanin kowa ba. Ya sa hannu, ya buga hatimi.

Magana ba ta ɓuya a Katsina. Ranar Litinin, bayan an tashi daga makaranta, masinja ya shigo ya ce wata malama tana sallama. Safara'u ce, da alli har yanzu a gefen mayafinta. Ba ta zauna ba.

"Yaya Sammani, an ce ka rubuta cewa Baba ne."

"Ba haka abin yake ba, Safara'u. Aikin gwamnati yana da hanyoyinsa. Ba abin da za a yi mashi, an ba ni tabbaci."

"Ya ce a gabanka ya murƙushe bulo da yatsa. Ƙarya ya yi?"

Ya shiga gyara takardun da ke kan tebur.

"Dube ni mana. Ƙarya ya yi?"

"Bai yi ƙarya ba."

Ta sauke numfashi, muryarta ta yi laushi. "To, alhamdu lillahi, tunda ka faɗa da bakinka. Na san tsoro ne ya kama ka, kowa yana jin tsoro. Kwamiti ba zai tashi ba sai Alhamis. Ka je ka gaya masu abin da ka gaya mani yanzu."

"Kin san abin da zai biyo baya? Kora ta za su yi. Wataƙila ma su haɗa da ni a kotu."

"Su kore ka. Ina da albashina, kana da hannunka, Baba ya koya maka gini tun kafin ka san Kaduna. Ɗakin Inna Indo ya ishe mu. Wallahi ko gobe aka ce a ɗaura, na yarda."

"In koma ɗaukar bulo a ka? Bayan duk wahalar da na sha?"

Ta tsaya tana kallonsa kamar wani baƙo ne ya yi maganar.

"Shi wanda ya ɗauki bulo a ka har ka yi karatun fa?"

Ta gyara mayafinta, ta ce za ta jira ranar Alhamis, ta fita.

Ranar Alhamis Sammani ya sa farar riga ya zauna gaban mutum uku na kwamiti. Malam Sada yana gefe a kan benci, yatsunsa a naɗe da bandeji. Shugaban kwamiti ya karanta rahoton, ya tambayi Sammani ko magini ya taɓa kawo masa ƙorafi a kan bulo. Sammani ya tuna zaure da kwanon fura. Ya kuma tuna kujeru masu laushi da yadda aka kama hannunsa aka zaunar da shi. Ya ce, "Bai taɓa ba."

Aka juya ga Malam Sada, aka ce ko yana da abin cewa.

"Ni na raine shi," in ji shi. "Ba zan tsaya gaban mutane in yi musu da shi ba. Allah yana gani."

Ba faɗa aka yi masa aka sallame shi ba. Rai ya salwanta, dole a kama wani. Kotu ta ɗaure Malam Sada wata goma sha takwas. Ranar da aka wuce da shi gidan yari, Sammani yana Kano ana yi masa allurar tafiya. Kawunsa ne ya je ya karɓo kayan sa rana, don Safara'u ta riga ta ɗaure su ta ajiye a zaure.

Ya yi shekararsa a Ingila cikin sanyi da kaɗaici, ya dawo da takardar shaida. Aka ba shi kujerar da aka yi masa alkawari, da gida mai lambu, da mota Fijo fara. Aka ɗaura aurensa da Furera, bikin da aka yi mako ana zancensa. Ya je ɗaukar Indo ta koma sabon gida, ta ce ba inda za ta.

"Shekara ashirin matar Sada tana raba tuwonta da ni," in ji ta. "Yanzu ne zan shiga mota in bar ta? Ka tafi abinka, Allah ya shirye ka. In za ka zo gaishe ni, ka bar motar a bakin titi."

Haka ya riƙa yi. Yakan ajiye motar nesa, ya bi ta lungun baya don kada ya wuce ƙofar gidan Malam Sada. Sau ɗaya ya aika da buhun shinkafa gidan da azumi, aka dawo da shi ko ɗinkin bakinsa ba a kwance ba.

Malam Sada ya fito da tari wanda bai sake rabuwa da shi ba. Ba mai ba shi babban aiki kuma, sai yaɓen katanga da gyaran soro kafin damina. Safara'u ta ƙi duk masu zuwa har shekara biyu, daga baya ta auri wani malami abokin aikinta, Malam Yahaya, mai zuwa makaranta a kan keke.

Furera ba ta taɓa saɓa wa Sammani ba. Tana kula da gida, tana karɓar baƙinsa da fara'a, ta haifa masa ɗa namiji. Sai dai in suka zauna cin abinci, ƙarar cokali ce kawai ake ji. Mutane suna miƙewa in ya shigo wuri, 'yan kwangila suna layi a ƙofar ofishinsa, Alhaji Gwadabe yana nuna shi a taro yana cewa surukina. Shi kuwa ya manta rabon da ya yi dariya har cikinsa.

Shekara huɗu bayan faɗuwar bangon, Indo ta aiko masa cewa Malam Sada yana kwance, kuma ya ambaci sunansa. Ranar ana buɗe wani sabon gini, manya sun zo daga Kaduna, ya ce sai gobe. Washegari ya shiga mota har ya kai Ƙofar Durbi, ya kasa fita, ya juya. A rana ta uku da ya yi ƙarfin hali ya isa, ya tarar da tabarmi shimfiɗe a ƙofar gida. An kai tsohon makwancinsa tun da hantsi.

Masu zaman makoki suka ga babban mutum, suka matsa, aka jawo masa darduma mafi kyau. Malam Yahaya da kansa ya kawo masa ruwa, ya karɓi gaisuwarsa da hannu biyu. Sammani ya so a ce wani ya zage shi, ko a ƙi amsa masa sallama. Ba wanda ya yi. Bayan an shafa fatiha, Indo ta aiko a shigo da shi ya yi wa mata ta'aziyya.

A soron ciki ya haɗu da Safara'u, tana goye da jaririya. Ta ɗan rame, idanunta sun yi ja. Ya yi mata gaisuwa, ta amsa yadda ake amsa wa kowa.

"Baba ya bar maka saƙo," in ji ta. "Ya so ya faɗa maka da bakinsa, ya jira ka kwana biyu. Ya ce abin da ke tsakaninka da shi ya yafe, duniya da lahira. Ya ce kada ka riƙa bin lungun baya, gidan nan gidanku ne."

Sammani ya dafa bango.

"Ke fa, Safara'u?"

Ta ɗago ido ta dube shi.

"Ko bayan an ɗaure shi ina sa ran ka. Da ka dawo daga Ingila, duk motar da ta tsaya a bakin titi sai in ce kai ne, ka zo ka ce ka yi kuskure. Da ka zo a lokacin, ban san abin da zan yi ba, amma da na saurare ka." Ta gyara goyonta. "Yanzu ina da miji mai tsoron Allah, ba ya ɓoye mani komai. Ba na riƙe da kai, Yaya Sammani. Ba na dai tuna ka ne sosai."

Aka kira ta daga cikin gida, ta ce ya gaida iyali, ta shige.

Da ya koma gida la'asar ta yi sanyi. Furera tana baranda tana yanke wa ɗansu farce. Ya zauna kusa da ita, abin da bai saba yi ba, ya gaya mata komai tun daga bulon da aka murƙushe har amsar da ya ba kwamiti. Bai taɓa faɗa wa kowa ba. Ta saurare shi ba ta ɗago kai ba.

"Na sani," in ji ta. "Tun kafin a ɗaura mana aure na ji Baba yana faɗa wa abokinsa a falo. Na san kuma akwai wadda kake so."

"Kika yarda?"

"Na ɗauka in muka zauna tare za ka manta, ni ma in manta." Ta kakkaɓe zanenta. "Ga shi ba wanda ya manta. Yanzu me za ka yi?"

Ya daɗe yana tunani. Mutumin da za a wanke ya riga ya kwanta dama. Wanda za a tona kuwa kakan ɗansa ne.

"Ban sani ba," in ji shi.

Bai yi komai ba. Bayan wata uku aka ƙara masa girma aka mai da shi Kaduna, ya karɓa. Indo ta ƙi bin sa, ta zauna da matar Malam Sada har ƙarshen rayuwarta. Yakan zo Katsina da salla, ya kwana biyu ya koma. A wata zuwa da ya yi ne direbansa, yana ba shi labarin gari, ya ambata cewa an ba wata Malama Safara'u shugabancin makarantar da 'ya'yan shi direban suke, kuma yara suna son ta ƙwarai, don in suka ba da amsar banza dariya take yi kafin ta gyara masu. Sammani ya ce madalla. Ya ce wa direban ya rage gudu, akwai mutane a kan hanya.